Dambudzo Marechera: gwani ne ko taɓaɓɓe?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekaranjiya na biya wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi ina nema wa ƙanwata littafin lissafi, sai idona ya faɗa kan wani siririn littafi mai bango ruwan lemo, irin jerin marubutan Afirkan nan na kamfanin Heinemann. Gefensa duk gara ta taɓa, wani ma ya taɓa ɗora kofin shayi a kai har ya bar masa zobe. Sunansa The House of Hunger, wato Gidan Yunwa, na wani Dambudzo Marechera. Mai kayan ya ce in ba da abin da ya sauwaƙa, don littafin ya gaji da shan rana a wajensa. To wallahi na fara bayan isha'i, ban ajiye ba sai da na ji kiran assalatu, kuma ba zan ce na ji daɗinsa ba. Kamar mutum ya leƙa gidan da ake dukan mace ne ya kasa janye ido. Wa ya san mutumin nan? Lafiyarsa ƙalau kuwa?

Sarkin Gardama: Dambu zo? To in dambun ya zo a kira ni, ina da man ƙuli.

Tsohon Ticha: Wa alaikumussalam. Kai Sarkin Gardama, Allah ya shirye ka. Sunan da harshen Shona ne, kuma ma'anarsa ta shafi damuwa da fitina, ka ga kuwa suna linzami. Ɗana Ɗan Fagge, ka yi tsintuwa. Mutumin Zimbabuwe ne, lokacin tana Rodeshiya a hannun Turawa 'yan tsiraru. An haife shi ranar 4 ga Yuni 1952 a Vengere, unguwar baƙaƙen fata ta garin Rusape, shi ne na uku cikin 'ya'ya tara. Ubansa ma'aikacin ɗakin ajiye gawa ne, uwarsa tana aikatau a gidajen Turawa. Yana ɗan shekara 13 mota ta kaɗe uban ya mutu, aka kore su daga gidan da suke ciki. Shi da bakinsa ya ce littattafan da ya fara karantawa a juji ya tsinto su, inda Turawan garin ke zubar da shara. Ga shi da in'ina mai tsanani tun yana yaro. Amma kai kam akwai shi. Ya yi makarantar mishan ta St Augustine a Penhalonga, ya shiga Jami'ar Rodeshiya a 1972, aka kore shi a 1973 tare da wasu ɗalibai saboda zanga-zangar ƙin wariyar launin fata. A 1974 ya samu gurbi a Okusfod ta Ingila, can ma a 1976 suka sallame shi.

Maman Ilham: Baba, jami'a biyu fa ke nan. Ta farko na yarda, gwagwarmaya ce. Ta biyun fa? Wa ya zalunce shi a can?

Tsohon Ticha: 'Yata, ba zan rufe miki ba, ta biyun halinsa ne. Shan giya, faɗa da mutane, ƙin zuwa wajen malamai, bashi ko'ina. Hukumar kwalejin ta ba shi zaɓi, ko ya yarda a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa ko ya tafi. Ya tafi. Daga nan ya shiga gararamba, yau ya kwana a ɗakin aboki, gobe a kangon da marasa gida suka mamaye a Landan, har ya yi wata uku a kurkuku a Kadif, wani birni a Birtaniya. A cikin wannan yawon ne ya rubuta littafin da ke hannun Ɗan Fagge. Heinemann suka buga a 1978, a 1979 ya ci kyautar ƙagaggun labarai ta jaridar Guardian, suka raba da wani marubuci ɗan Ayalan, Neil Jordan.

Sarkin Gardama: Baba ka tsallake inda ya fi daɗi. Ranar ba da kyautar, ga manyan mutane sun sha kwat, ga 'yan jarida, gogan naka ya sha ya yi tatil, ya dinga ɗaukar farantai da kofuna yana jifa da su cikin zauren. Ni wannan kaɗai ya sa nake son sa. Bature ya tara jama'a zai nuna musu ya gano wani yaro mai basira daga Afirka, yaron ya ce ga tukuicinku.

Maman Ilham: To ka ji irinta. Wannan ne abin da ke ba ni haushi da ku maza in ana maganar irin waɗannan mutanen. Wa ya share fasassun farantan? Ba mai jarida ba ne, ba alƙalan gasa ba ne, wata ce ko wani irin uwarsa mai aikatau ya durƙusa da tsintsiya. Kai da kake tafa masa, da a bikin ƙanwarka ya yi haka, da ka ce gwani ne? Mu faɗi gaskiya, da a unguwarmu yake, ɗan iska za mu kira shi, mu hana yaranmu zama kusa da shi.

Sarkin Gardama: Hajiya a yi haƙuri, ni ban ce a ba shi 'ya ba.

Ɗan Fagge: Anti, ni kuma abin da ya dame ni daban ne. Ban san labarin farantan ba lokacin da nake karantawa, kuma littafin ya kama ni. Jimlar farko kawai cewa ya yi ya kwashe kayansa ya tafi. Ina zai je? Shi ma bai sani ba, ya ƙare a mashaya. Mai ba da labarin ko suna ba shi da shi. Akwai wansa Peter da ke jibgar yarinyar da ta haifa masa ɗa, Immaculate, a gaban mutane, kowa na kallo. Akwai Harry, wanda kowa ya san ɗan leƙen asirin 'yan sanda ne amma ana shan giya da shi. Labarin ba ya tafiya a miƙe, kana mashaya sai ka tsinci kanka a makaranta shekaru baya, sai ka dawo, kamar yadda tunanin mai zazzaɓi ke yi. Na saba da littattafan da Bature ne mugu, mutanenmu kuma masu haƙuri da mutunci. Nan kuwa zaluncin ya riga ya shige cikin gida, ɗa na cin uwa, wa na cin ƙane, Baturen ma ba ka cika ganinsa ba.

Tsohon Ticha: Madalla, ka karanta da idon basira. Abin da ya raba shi da na gabansa ke nan. Ka tuna lokacin da littafin ya fito yaƙin 'yanci na kan ganiyarsa, Ian Smith, shugaban gwamnatin Turawa 'yan tsiraru, ya ayyana 'yancin gashin kai daga Birtaniya tun 1965, samari suna daji da bindiga. Abin da ake jira daga marubuci baƙar fata shi ne ya ɗaga tuta, ya nuna jarumai. Shi kuwa ya zo da unguwa mai wari, da mutanen da mulkin mallaka ya lalata har suka koma cin junansu. Marubuciya Doris Lessing, wadda ita ma a Rodeshiya ta tashi, ta kwatanta karanta littafin da jiyo kururuwar wani. Ni a ganina ba a taɓa kwatanta shi da abin da ya fi wannan ba.

'Yar Damagaram: Barkanku da hira. Na jima ina bi ban sa baki ba. Baba, ina da tambaya a kan harshe. Ngugi na Kenya, bayan an tsare shi a ƙarshen 1977, ya koma rubuta ƙagaggun labaransa da Gikuyu, ya ce marubucin Afirka ya yi da harshen uwarsa. Mu nan da muka yi boko da Faransanci mun san zafin wannan magana, ka iya rubuta takardar neman aiki da harshen wani amma ka kasa rubuta wa kakarka wasiƙa. Shi Marechera me ya hana shi Shona?

Tsohon Ticha: Tambaya mai kyau. Ya amsa ta da kansa, kuma amsar ba ta yi wa mutane daɗi ba. Ya ce a wajensa Shona ta haɗe da duk baƙin cikin unguwar da yake gudu, Turanci kuma shi ne ƙofar da ya ga a buɗe, sai ya faɗa ciki gaba ɗaya. Amma bai ɗauki Turancin da ladabi ba, ya ce sai an murɗe shi an karya masa ƙashi kafin ya faɗi abin da baƙin mutum ke son faɗa. Ya kuma ƙi a kira shi marubucin wata ƙasa ko wani jinsi, har ashar ya yi wa masu wannan ra'ayi, wadda ba zan maimaita a zauren nan ba.

'Yar Damagaram: To ni nan na rabu da shi. Uwarsa da ta yi wanki da guga ta biya masa makaranta ba za ta iya karanta layi ɗaya ba. Wa yake yi wa kururuwar? Mutanen Landan?

Malam Na Ƙofar Mata: Ƙanwata, ki bar ni in ɗan tsaya masa a nan, duk da ni da Hausa nake rubutu kuma ba ni da niyyar canzawa. Mu Hausa ta same mu da gata. Muna da ajami tun kafin Bature, muna da gidajen rediyo har a ƙasashen waje, muna da mata a cikin gida da ke sayen littafi ko su yi haya. In na rubuta da Hausa na san wa zai karanta. A Rodeshiya kuwa, hukumar adabi ta gwamnatin mallaka ce ke tace abin da za a buga da Shona da Ndebele, kuma ba ta barin siyasa ta wuce. Wato harshen uwar ma an sa masa takunkumi. Wanda ke son ya faɗi abin da Marechera ya faɗa, ta wace ƙofa zai bi? Ba na cewa dalilinsa ke nan kaɗai, amma kada mu auna shi da mudunmu.

'Yar Damagaram: Na karɓi rabin maganar, Malam. Sauran rabin ina nan a kan bakata, don bayan 'yanci ma bai koma ba.

Maman Ilham: Yauwa, a zo kan bayan 'yancin. Don in mutum ya ce Bature ne ya haukata shi, to Bature ya tafi a 1980. Sai me?

Tsohon Ticha: Sai abin ya ƙara ɓaci, kuma nan ne ni nake ganin darajarsa ta fi fitowa. A shekarar da aka samu 'yanci, Mugabe ya hau, Marechera ya fitar da littafi na biyu, Black Sunlight, Baƙin Hasken Rana, labarin wani mai ɗaukar hoto da 'yan tayar da ƙayar baya a wata ƙasa da ba a ambaci sunanta ba. A 1981 hukumar tace littattafai ta sabuwar Zimbabuwe ta haramta shi, wai batsa da saɓo. Daga baya aka ɗage haramcin. Ya dawo gida a 1982 tare da masu shirya fim a kan littafinsa na farko, ba a je ko'ina ba ya ɓata da mai shirya fim ɗin, Chris Austin, suka koma suka bar shi. Ya zauna Harare ba gida ba aiki. Ana ganinsa a dandalin Cecil, wanda yanzu ake kira dandalin Haɗin Kan Afirka, zaune a benci da keken rubutu a cinya yana bugawa. Abin da ya fito daga wannan zaman shi ne Mindblast a 1984, inda ya yi wa sabbin manya tsirara: jiya suna daji suna wa'azin gurguzu, yau suna cikin manyan motoci suna cin hanci. A shekarar ce kuma aka tsare shi na 'yan kwanaki lokacin bajekolin littattafai na Harare. Ki tuna a lokacin duniya tana tafa wa Mugabe, ana kashe mutane a yankin Matabeleland na ƙasar tun 1983 amma 'yan boko da yawa sun yi gum. Mashayin nan da ke kwana a benci bai jira shekara ashirin ba kafin ya ce an gudu ba a tsira ba.

Sarkin Gardama: Tsuntsun da ya ja ruwa.

Maman Ilham: Baba na ji, kuma ban raina ba. Amma ka lura kullum sai an ce "ya ɓata da wane". Ya ɓata da malamansa, ya ɓata da James Currey na Heinemann da ya yi ta ɗawainiya da shi, ya ɓata da mai fim, danginsa ma bai zauna da su ba. Kowa ne mai laifi sai shi? Ni tsorona yaranmu. Akwai wani yaro a layinmu, ya iya waƙa ba laifi, yanzu ya tara suma, ya daina wanka, yana shan abin da yake sha, in ka yi magana ya ce ai masu fasaha haka suke. Irin labarin farantan nan ne ke ba su lasisi. Ba wanda ke gaya musu cewa mutumin ya haddace adabin duniya kafin ya fara jifa da faranti.

Ma'aikacin Jinya: Anti ta taɓo inda ke mini ciwo, bari in sa baki. Ni ba zan ɗora wa mamaci sunan cuta ba, ban duba shi ba. Amma ina da ɗan'uwa, ɗan wan babana, tare muka tashi. Duk ajinsu ba mai kamo shi. A shekararsa ta biyu a jami'a ya fara cewa ana bin sa, ya daina cin abincin gida wai an sa masa wani abu. Na je ɗakinsa na tarar ya lulluɓe taga da bargo da rana tsaka, ya cika bangon da rubutu da gawayi, layi bisa layi har inda hannunsa ya kai, kuma wallahi wasu layukan in ka karanta sai tsigar jikinka ta tashi don kyau. Abokansa suna zuwa suna kwafa suna cewa gwani. Ba wanda ya ce a kai shi asibiti sai da ya fasa wa mahaifiyarsa goshi da kwano. Yanzu yana shan magani, yana koyarwa a firamare, yana da 'ya'ya biyu. Rubutun ya ragu, gaskiya ne. Amma ku tambayi mahaifiyarsa wanne ta zaɓa. Shi ya sa in na ji ana tafa wa ciwon mutum don yana fitar da kalmomi masu daɗi, sai in ga kamar masu kallon dambe ne, jinin ba nasu ba ne.

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara masa lafiya, Yaya. Jikina ya yi sanyi.

Malam Na Ƙofar Mata: Amin. Sai dai akwai abin da ya kamata a sani, shi Marechera da hannunsa ya taya gina wannan tatsuniyar tasa. Mutuwar ubansa ma ba labari ɗaya ya bayar ba, wani lokaci ya ce jirgin ƙasa ne, wani lokaci ya ce soja ne. Flora Veit-Wild, Bajamushiyar da ta san shi a Harare, ita ta bi diddigi ta tattara takardu da shaidu ta fitar da kundin rayuwarsa a 1992, ta rarrabe abin da ya faru da abin da ya ƙara wa gishiri. Ita ce kuma ta fitar da rubuce-rubucen da ya bari: The Black Insider a 1990, waƙoƙinsa Cemetery of Mind a 1992, da Scrapiron Blues a 1994. Wato rabin abin da muke da shi nasa bayan ransa ya fito. Shekaru da yawa daga baya ta bayyana da kanta cewa soyayya ce a tsakaninsu, alhali tana da aure, abin da ya jawo mata surutu sosai a Zimbabuwe.

Maman Ilham: Kun gani ko. Ƙarshenta dai mace ce ta tattara tarkacen.

Sarkin Gardama: Hajiya yau kin rantse sai kin kai mu ƙasa.

'Yar Damagaram: Kuma Baturiya, ga mutumin da ya jefi Turawa da faranti. Ni wannan ya fi komai ba ni mamaki. 'Yan ƙasarsa ina suke?

Tsohon Ticha: Suna nan, 'yata, sai dai yawancinsu yara ne a lokacin, ɗalibai da ke zagaye shi a mashaya da dandali suna sauraro. Su ne suka girma suka ɗauke shi uba, har yau matasan marubutan Zimbabuwe da shi suke tinƙaho. Manya kuwa sun gaji da shi, kuma ban ga laifinsu sosai ba, mutum ne da za ka ba masauki yau gobe ya zage ka a gaban baƙinka. Ya rasu ranar 18 ga Agusta 1987 a Harare, ciwon huhu mai nasaba da ƙanjamau, yana da shekara 35. Littafi uku kacal ya gani an buga da idonsa.

Maman Ilham, ban ce ki so shi ba. Ni kaina da na koyar da adabi shekaru, ban taɓa sa shi a hannun ɗan aji uku ba, kuma Black Sunlight sau biyu ina farawa ina ajiyewa, ya fi ƙarfin haƙurina. Amma ki karanta na farkon, ko shafi talatin ne. Ke da kike rubuta labaran matan da ake cuta a gidan aure, za ki ga Immaculate, ki gaya mini ko ɗan iska zalla zai iya ganin yarinyar nan yadda ya gan ta.

Maman Ilham: Ɗan iska ma yana da ido, Baba. Amma tunda kai ka ce, zan duba. Ɗan Fagge, in ka gama ka aiko mini, kuma ka goge zoben shayin nan tukuna.

Ɗan Fagge: Anti zoben ya riga ya zama na littafin, ba ya fita. Saura gajerun labaran da ke bayansa ban gama ba, zuwa Juma'a in sha Allahu zan bayar a kawo miki. Amma a dawo mini da shi, don na koma wajen mai kayan jiya ko akwai wani nasa, ya ce shi bai ma san ya taɓa ajiye wannan ba.

Sarkin Gardama: Bayan Hajiya ni ne a layi. Na yi alkawari ba zan karanta kusa da kwanukan gidanmu ba.